Azumin Malam da Kwanukan Unguwa

Asabar, 6 ga Satumba, da hantsi

An sallamo mu. Malam yana ɗaki yana barci, ko kuma yana yin kamar yana barci don kada in yi magana.

Abin da ya faru ranar Laraba ba zan rubuta shi ba. Na gani da idona, ya isa. Bakinsa ya koma daidai kafin mu kai asibiti, hannun ma ya dawo, shi ya sa yake ta cewa gajiya ce. Likitar, wata siririya mai suna Dakta Charity, ba ta ce gajiya ba. Ta ce gargaɗi ne, kuma na biyu ba lallai ya tafi da kansa ba.

Kitse ya yi yawa a jininsa, kolestarol suke ce masa. Jinin ya hau. Nauyi kuwa, sai da ma'aikaciyar ta sa ya sauka daga ma'auni ya sake hawa, ta zaci na'urar ce ta lalace. Magani dole ne. Bayan magani, hanya biyu. Ko dai ya taƙaita lokacin cin abinci, ya ci tsakanin hantsi da magariba, sauran lokacin ruwa kawai. Ko kuma ya riƙa tafiya da ƙafa: sauri na ɗan lokaci har numfashi ya hau, sai a hankali, sai sauri kuma. Ta ce a fara da kaɗan. Ta ce haɗa biyun ya fi.

Ko tunani bai yi ba ya zaɓi na farko. "Likita, ni da furfurata in riƙa sassarfa a titin Birnin Kudu? Ai sai a ce ɓarayi ne suka biyo ni."

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Hajiya, ke ma fa..." Na ce na ji, amma ba ni aka kwantar ba.

A mota ya sa na rantse. Kada kowa ya ji, musamman Inna, mahaifiyarsa. Shi mai sayen riɗi da gyaɗa ne, manoma daga Gwaram har Basirka shi suke kawo wa kaya, ba ya son a ce Hambali ya fara lalacewa. Na ce wallahi ba zan faɗa ba. So nake kawai ya bar maganar.

Lahadi, 7, bayan la'asar

Na wuni ina karatu a waya har idona ya yi zafi. Masu binciken ma ba su gama daidaita bakinsu ba. Abin da na fahimta: rage lokacin ci yakan fi saurin rage nauyi, in dai mutum bai rama abin da ya bari ba. Motsa jiki kuma ba ya zubar da ƙiba da sauri, amma yana ƙarfafa zuciya. Babu wanda zai maye gurbin magani.

Na karanta masa. Ya ce, "To, Malama, an tashi aji?"

Shekara ashirin da wani abu ina koyar da 'ya'yan mutane tarihi, ɗalibi ɗaya da ya gagare ni a gidana yake.

Litinin, 8, da yamma

Ya koma shago. Ya dawo yana kallon ƙasa, sai da na matsa ya faɗa.

A layinsu tare ake karin kumallo: shayi, burodi, ƙosai, wani lokaci ragowar balangu. Yau ya ce ba zai ci ba. Aka yi masa caa, lafiya, lafiya? Maimakon ya ce likita ce ta hana, sai ya ce azumi yake. Da ya faɗi haka, ba halin ya ci da hantsi a gabansu, ba halin ya sha ruwa. Haka ya wuni.

Na ce to ka yi ƙarya, ka sha yunwa a banza. Ya ce shi ba ya ƙarya da sunan ibada, ranar Alhamis zai ɗauki niyya ta gaske.

Na ce, "Likita ba ta ce ka bar ruwa ba. Maganin safe fa?"

"Zan sha da sahur."

Alhamis, 11, bayan magariba

Kwano uku.

Alhaji Abdulnasir, maƙwabcinmu na dama, ya aiko da gasasshiyar kaza. Matarsa Ummussalma ta aiko da funkaso da miyar taushe, man shanu yana yawo a kai. Gidan liman, kunun gyaɗa da sukari kamar ba sayensa ake ba. Kowa da saƙo ɗaya: a ba Malam ya buɗe baki, mu ma mu samu lada.

Na dafa masa wake da zogale. Yana nan a rufe.

Na ce ya ɗanɗana kawai a ba yaran unguwa sauran. Ya ce mutum ya aiko don mai azumi ya ci, in bai ci ba ya tauye masa lada, kuma gobe za a tambaye shi yadda miyar ta yi. Ya ci daga kowane kwano. Malam ba ya iya ɗanɗano, bai taɓa iyawa ba.

Asabar, 13, da safe

Maganin Alhamis yana cikin kwalinsa. Na ƙirga.

Litinin, 15, da azahar

An koma makaranta. A ofishin malamai Catherine, mai koyar da lissafi, ta ce, "Turai, na ji maigidanki ya zama waliyyi. Ko mu ma mu zo neman addu'a?"

Na ce ki zo, amma kada ki zo da kwano.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta tambaya ba, shi ya sa nake sonta. Na ce mata ina so in fara tafiyar nan ta sauri da sannu, don jikina. Ta buga tebur. "Ke? Ke da kike aiken ɗaliba ta ɗauko miki alli daga kan teburinki?" Ta ce za ta raka ni, don ta ga abin da ido.

Ba don jikina ba ne. So nake ya ga ƙasa ba ta tsagewa in babba ya yi sauri.

Laraba, 17, bayan fitowar rana

Mun fita bayan asuba, ta hanyar bayan makaranta wajen duwatsu. Daga wannan bishiyar zuwa waccan da sauri, daga nan a hankali. A karo na biyu na ji kamar huhuna zai fito ta hanci. Catherine tana gaba tana cewa, "Hajiya, ɗaga ƙafa, ba kai amarya za mu ba." Hijabina ya jiƙe sharkaf. Na zage ta, na zagi likita, na zagi wanda ya fara ƙirƙiro man shanu.

Na dawo na tarar yana barcin bayan sahur. Ɗumamen tuwo ya ci. Yanzu ya koma yin azumi kusan kullum. Ya ce tunda an fara, gara a yi mai lada sosai.

Alhamis, 18, da la'asar

Ummussalma ta shigo, ta zauna, ta gyara mayafi, ta sassauta murya.

"Maman Khuzaima, ni dai 'yar'uwarki ce. Zaman aure haƙuri ne. Wa ya ga babbar mace kamarki da 'ya a jami'a tana yaji?"

Na ce wane yaji?

An gan ni da sassafe ina sauri, fuska a murtuke, na nufi wajen gari. Wai har kwana biyu ina fita ina fasawa.

Na ce, "Ummussalma, in zan yi yaji mota zan hau. Kin ga na yi kama da mai zuwa Kano a ƙafa?"

Ta yi dariya, amma ba ta yarda ba. Tana fita ta ce yau alkubus za ta aiko, bawan Allah yana ta fama da ibada. Maganar tana bakina. Kalma huɗu ko biyar, da an gama. Na haɗiye.

Asabar, 20, da hantsi

Khuzaima ta kira daga makaranta. Ta ce muryata ta canja. Na ce mura ce.

Litinin, 22, bayan magariba

Kwano shida. Har da gidan da ba mu gaisawa tun rikicin magudanar ruwa.

Labari ya kai Kwandiko, ƙauyen su Malam. Inna ta aiko direban motar kasuwa da galan na man shanu, kaji biyu a ɗaure, da ƙullin fura. Saƙonta gare ni: tunda ba na iya kula da mai azumi, ga abin da zan riƙa sa masa.

Ni kuwa na iya. Ni na iya tuwon da ya kai shi inda yake. Ba na musun wannan.

Yau da zai ɗaura agogo sai da ya matsa zuwa ramin ƙarshe. Na gani, ya ga na gani. Ya ce azumi kan kumbura mutum da farko. Na ce a wane littafi? Ya ce ba komai ne ke cikin littafi ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Da da mugu, da na san inda zan kai fushina. Mutane ne masu son lada, suna ɗauke da kwanuka a rufe da kyallaye masu tsabta, suna sallama a ƙofata, ni kuma ina karɓa ina cewa an gode, Allah ya saka.

Laraba, 24, da safe

Yau na hau benen makaranta ban tsaya a tsakiya ba. Nauyina bai ragu da abin kirki ba, zanena yana nan yadda yake. Amma na hau.

Ba wanda zan gaya wa.

Alhamis, 25

Cokali ya faɗi daga hannunsa.

Juma'a, 26, da azahar, asibiti

Ya dawo. Wannan karon hannun ya fi daɗewa kafin ya dawo. Ba zan rubuta yadda ya kira sunana ba.

Dakta Charity ta tambayi abin da yake ci da yadda yake shan magani. Ni na faɗa, kwano bayan kwano. Ta ajiye biro.

"Baba, wannan ba shi ne abin da na ce ba. Ka wuni ba ruwa, ka tsallake magani, sannan ka ci abincin mutum huɗu a zama ɗaya. Ibadarka tsakaninka da Allah ce, ban isa in shiga ba. Amma jikin nan ba zai ɗauki na uku yadda ya ɗauki biyun nan ba."

Ya ce in sha Allah za a gyara. Na san wannan in sha Allah ɗin. Da ita ya gyara rufin kicin shekara uku da suka wuce, har yanzu yana yoyo.

Lahadi, 28, da yamma

Mun dawo gida. Ya gaya wa mutane zazzaɓin sauro ne. Yanzu ga kwanon dubiya: farfesun kayan ciki, farfesun kan rago, ƙafar saniya. A sha romo a samu ƙarfi.

Ya ce gobe ba zai yi azumi ba, amma Alhamis zai koma, don in ya daina kwatsam za a yi tambaya.

Na ce, "Hambali." Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai yau. "Ka fi jin kunyar a ce ba ka da lafiya, a kan a ɗauke ka a makara?"

Ya ce, "Kin rantse."

Na ce na sani.

Litinin, 29, kafin azahar

Na san hukuncin. Wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi abin da ya fi, ya yi kaffara. Ciyar da miskinai goma. Ko laifina ma da abinci za a biya shi.

Talata, 30, da magariba

Na nemi izini a makaranta, na ce wa Malam zan je Gwaram gaishe da Inna. Wannan dai gaskiya ne. Mota zuwa Gwaram, daga nan acaɓa zuwa Kwandiko. Ruwan jiya ya ɓata hanya, sau biyu ina sauka ina takawa. Gero ya yi kai ko'ina.

Na tarar da ita tana yanka kuɓewa tana shanyawa. Ta amsa gaisuwata kamar tana amsa wa mai tallan da ba ta so.

"An ce kin koma yawon asuba."

"Eh, Inna."

"Shi kuma yana azumi, ba mai dafa masa sai maƙwabta."

Malam ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta taɓa tambayarsa ya jiki a gaban mutane ba. Duk abin da take son gaya masa tun yana yaro, a kwano take zubawa ta aika. Sai da na zauna a gabanta na gane abin da na zo karɓewa daga hannunta.

Na faɗa. Duka biyun, na Laraba da na Alhamis. Ban yi kuka ba, kamar ina karanta sanarwa na faɗa.

Wuƙar ta tsaya. "Wane hannu?"

"Na hagu."

"Bakin ma?"

"Eh."

Ta ajiye wuƙar. Sannan ta ce, "Man shanun da na aiko, ya ci?"

Da na iya ƙarya, da nan ne wurinta. Na ce ya ci.

Ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da 'yar jakarta. Ta ce wa jikarta ta kwashe shanya in hadari ya taso. A mota, bayan mun wuce Gwaram, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke ma da kin rage wannan jikin."

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan isha

Da ya gan ta a tsakar gida jiya, ya dube ni sau ɗaya. Tun daga nan bai sake ba.

Yau kafin magariba ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Duk wanda ya zo da kwano, ta buɗe, ta yaba, ta sa albarka, ta mayar da murfi.

"A ce an gode. A ce tsohuwa ta zo, ta hana azumin nan daga yau. Ni na haife shi, na ce ya isa. Wannan a kai wa masu jinya a asibiti, ladan yana can."

Ummussalma da kanta ta zo. "Inna, ai don Allah muke yi."

"To Allah yana asibiti ma, 'yar nan. Miyarki ta yi kyau. Ɗauki."

Abin da ni in na yi za a shekara ana zagina, ita ta yi shi tana taunar goro. Ba ta ambaci ciwo ba. Ta bar su su ce tsohuwa ce mai rigima.

Bayan sallah ya shigo zai wuce ɗaki. Tana zaune ta ba shi baya, ta yi magana da bango, yadda ta saba.

"A gaya wa mai gidan nan, ubansa shekara huɗu ina juya shi a kan tabarma, ina ba shi kunu da cokali. Lokacin ina da ƙarfi. Yanzu ba ni da ƙarfin juya kowa."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Sannan ya shige.

Alhamis, 2, da hantsi

Bai yi sahur ba. Ya sha magani da ruwa, a gabanta. Da hantsi ya ci wake da zogale, ya bar rabi don in san bai huce ba.

Asabar, 4, da la'asar

Na dafa shinkafa da wake na kai wa mutum goma. An gama wannan.

Ba ya yi mini magana. In yana son abu sai ya gaya wa iska: a kawo ruwa, a rufe taga. Catherine ta ce gidanmu ya zama gidan rediyo, kowa yana sanarwa ba mai amsawa. Ban damu ba. Mai fushi yana da rai.

Na damu. Amma ba sosai ba.

Litinin, 6, bayan azahar

Mun koma ganin likita. Jinin ya ɗan sauka. Na kitsen sai nan gaba za a sake aunawa. Ta ce ya ci gaba da cin abinci tsakanin hantsi da magariba, da ruwa, da magani. Ta ce yanzu zai iya fara tafiya, a hankali tukuna, saurin kaɗan kaɗan, in ya ji wani abu ya tsaya. Ya ce ya ji. Bai ce in sha Allah ba, ban san ko wannan alama ce mai kyau ba.

Laraba, 8, da safe

Na fito bayan asuba zan biya wa Catherine, na tarar da shi a ƙofar gida da jallabiya da takalmin zuwa gona. Ya gaya wa iska cewa hanyar bayan makaranta ba ta cika mutane ba. Na aika wa Catherine ta yi zamanta.

Yana gaba, ina baya. Tafiyarsa kamar an ɗora wa jaki buhu uku.

Ba mu yi nisa ba sai ga motar Alhaji Abdulnasir, zai fita Gwaram da wuri. Ya taka birki, ya sauke gilashi.

"Subhanallahi! Malam Hambali, lafiya? Mota ce ta lalace? Ku shigo, ku shigo."

Na tsaya ina jiran in ji wace ibada za a ƙirƙiro yau.

Malam ya dafa ƙofar motar yana haki. "Mota lafiyarta ƙalau, Alhaji. Ni ne ba ni da lafiya. Sau biyu jikina yana neman shanyewa. Likita ta ce in taka, in rage ci. Kazar nan taka, ka riƙe ta."

Alhaji ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce me ya sa ba a faɗa ba, ya sake cewa Allah ya sawwaƙe. Kafin azahar duk kasuwa ta ji, na sani, shi ma ya sani.

Motar ta tafi. Muka ci gaba a hankali har numfashinsa ya daidaita. Da muka kai wajen wata tsamiya ya ɗan waiwayo, bai kai ga duba fuskata ba.

"Yanzu ne saurin?"

Na ce yanzu ne.